Minti Sha Biyar a Gidan Baba Devaney

A Vom aka haifi Kaneng, tsakiyar gonakin dankali, kuma babban abin da uwarta ta dasa mata shi ne ba a katse babba yana magana. Wannan tarbiyyar ce ta tashi raba ta da aikinta a Manchester.

Ta zo Ingila a 2008 aikin kula da tsofaffi. Takardar zamanta a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke ta, duk ranar da suka sallame ta sai dai ta haɗa kaya ta koma gida. Ta kama ɗaki ɗaya a unguwar Longsight, kullum tana cikin bas ɗin Stockport Road, ta yi wa wannan tsoho wanka, ta ba wancan magani.

Cikinsu akwai Mista Devaney, mutumin Ireland, mai shekara tamanin da uku. A hawa na biyu yake zaune, ƙafa ta ƙi, rabonsa da titi shekara biyu. Da ƙarfinsa leburan hanya ne, ya kuma rubuta littattafai biyu da ko 'yarsa ba ta karanta ba. Na uku yake so ya bari, labarin inda aka haife shi, amma hannu na rawa. Sai ya zama shi ke faɗa, Kaneng na rubutawa bayan ta ba shi shayi. Baba take ce masa.

Ta haka ta san gidansu a yammacin Ireland: ɗaki biyu, yara tara, da saniya ɗaya da ke kwana tare da su in sanyi ya tsananta. Ta san malamin da ya ɗaure masa hannun hagu don ya koyi rubutu da dama. In ya zo kan tonon dankali sai ta ajiye biro tana dariya, don ita ma gadon bayanta bai manta ba.

Ana nan gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ta mai da ziyarar minti arba'in da biyar zuwa sha biyar. Wanda ya yanke wannan, na rantse bai taɓa sa wa tsoho safa ba. Ga wanka, ga magani, ga dattijo ya buɗe baki, ta yaya za ta miƙe? Sau uku tana makara a gida na gaba. Manaja ta kira ta, ta ce in ta ƙara shi ke nan.

"Ke dai lokaci na cika ki yi clock out ki fice," in ji Rhoda, babbar ƙawarta a coci. "Visa ɗinki ne fa."

"Yana tsakiyar magana? Haba, Yaya."

Wata Talata Baba ya kawo kan safiyar da ya bar gida yana ɗan shekara sha biyar. Uban ya raka shi bakin hanya, uwar ta ƙi fitowa.

"Kusan shekara saba'in ban gaya wa kowa dalilinta ba," ya ce.

Nan wayarta ta yi ƙara, lokaci ya cika. Kaneng ta rufe littafin, kanta a sunkuye, kunya kamar ta nutse.

"Baba, gobe."

Ya dube ta, ya ce ba komai.

Washegari ta tarar motar asibiti ta riga ta, ɓarin jikinsa ya shanye. Daga asibiti 'yarsa ta mai da shi gidan tsofaffi a Birmingham, kusa da ita.

Sai bayan wata biyu Kaneng ta samu hutun yini guda. Ta hau mota tun da safe, ta same shi bakin taga, baki ya karkace, magana ta tafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta karanta masa duk abin da suka rubuta har inda suka tsaya, sannan ta riƙe biro tana jira. Yau ba inda za ta, yinin duka nata ne. Leɓensa ya motsa, ya sake motsawa, ba abin da ya fito. Hawaye suka cika mata ido.

Can ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Ya ɗaga hannun da ya rage masa da ƙyar, ya nuna mata ƙofa, kada ta makara.