Mutumin da Ke Jin Takun Abokin Karawa

A wani shagon gem, wato wasan bidiyo, a Samaru, inda na fake wa ruwan sama, akwai wani mutum da ke ba ni haushi. Zai kai shekara hamsin, sanye da farar riga mai guga da baƙin gilashi, kamar malamin makarantar da ya yi ɓatan kai. Gem ɗin dambe suke bugawa da wani ɗan jami'a, amma ya tsayar da wasan wai lasifika tana shuuu kamar ana suyar ƙosai.

"Chimdi, ɗauke salularka daga kan lasifikar nan," in ji shi ga mai shagon.

An ɗauke, ƙarar tana nan. Ya sa an kashe fanka, ba ta daina ba. Ni kuwa a raina cewa nake, wannan wane irin iyayi ne? Hoto dai ga shi garau!

Sai ya bi kebul da yatsu har bayan talabijin, ya zare bakinsa, ya goge da gefen riga, ya mayar. Sauti ya washe.

"Yauwa, yanzu ina jin takunsa."

Ya karkata kunne ga lasifika, fuskarsa na kallon bango, ya yi wa ɗan jami'ar dukan kawo wuƙa a gem ɗin. Wa ya san tsawon lokacin da ya ɗauka yana haddace sautin kowane naushi?

Da ya tashi tafiya, sai ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko farar sanda. Hoton da nake cewa garau ne, shi ko ɗigonsa bai gani ba.