Wa Ya San Ka a Gumel?

Shekarar da fari ya cinye mana awaki a Ɗanzomo na shigo Gumel da riga ɗaya da takardar gama firamare. Ɗakin da aka ba ni a zauren wani gida, saboda ƙanƙanta, in na yi atishawa sai ƙeyata ta bugi bango. Wata uku ba wanda ya kira sunana. Wani ƙadangare ne kawai a kan katanga ke gyaɗa mini kai da safe, ni kuma in amsa.

Sai na ji wani kamfanin sayen fata na neman malamin awo a Maigatari, amma sai an kai takardar neman aiki mai tarihin mutum. Na zauna na cika shafi huɗu. Na ce na taɓa shugabantar rai ɗari uku. Awakin kawuna nake nufi, kuma ko arba'in ba su kai ba. Na ce ina jin harshe bakwai. Kiwo kam ban ambata ba, kunyarsa nake ji.

Na kai wa wani dattijo mai buga wa mutane wasiƙu da tafireta a gindin darbejiya. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Samari, aiki kake nema ko kirari kake wa kanka?"

"Baba, ai kaɗan ma na faɗa."

Ya ɗauki jan biro ya hau aski. Mutum ɗari uku suka mutu a layi ɗaya. Harsuna biyar suka bi su.

"To, me hannunka ya iya?"

Na sunkuyar da kai na ce na iya fiɗar akuya wuƙa ba ta huda fata ba, kuma da hanci nake gane fatar da aka shanya a rana da wadda ta bushe a inuwa. Fulatanci kuwa da shi muke magana a gida.

"Kai, ja'iri! Kamfanin fata za ka, ka ɓoye fata?"

Ya buga layi shida cif. Sannan ya ce, "Saura mutum biyu da suka san ka, waɗanda za su tsaya maka."

Na shiga lissafi. Iyayena sun rasu, kawu ya kaɗa ragowar garke ya yi kudu, ban san inda ya sauka ba. Na ce, "Akwai wani ƙadangare, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni jim, ya buga nasa sunan a ƙasa.

"Ɗaya ya isa. Yau na san ka."

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari wakilin kamfanin ya karanta takardar a tsaye, ya jefo mini fata biyu. Na shinshina, na ce wannan rana ta ƙona ta. Ya ce in zo aiki Asabar.

Sai bayan mako uku na samu dawowa Gumel, da ƙullin goro fari. A gindin darbejiya sawun ƙafafun tebur kawai na tarar. Mai rake da ke gefe ya ce idon dattijo ya daina gani, 'yarsa ta zo ta tafi da shi wani ƙauye bayan Gagarawa, bai riƙe sunan ba.

Na zauna a wurin na ci goro ɗaya. Daga nan na wuce tsohon zaurena na ba ƙadangare labari. Ya gyaɗa kai sau uku, ya haye katanga.