Maganar da Inna Ta Ƙi Faɗa wa Soja

Bayan yaƙin basasa yayana bai bar aikin soja ba, giya ma ba ta bar shi ba. Shekarar da na fara koyarwa a firamaren Sakajiki ya zo hutu da gargaɗin ƙarshe daga manyansa: in ya sake fitowa fareti a buge, za a tuɓe masa kaki. Shi kuwa ban da soja bai iya komai ba, ko fartanya bai iya riƙewa.

Dangi suka yi abin da suka saba. Aka zaunar da shi a zaure, kawu ya yi faɗa, liman ya jawo ayoyi, Baba ya ce ya zubar masa da mutunci a gari. Yaya ya sunkuyar da kai yana ta "to, na ji." Ana shafa fatiha ya hau keke sai mashayar da ke bayan tashar jirgin Kaura. Ya dawo da la'asar yana tura keken, keken na tura shi.

Da haushi ya ishe ni na ja shi wurin wani malamin asibiti a Kaura, tsohon soja ne shi ma. Na so ya tsorata shi da zancen ciwon hanta. Ina! Mutumin nan tambaya kawai yake yi, kamar mai sayen akuya.

"Mi kaka samu cikinta?"

"Barci," in ji Yaya.

"Mi takan raba ka da shi?"

Yaya ya dubi takalmansa.

"To, in za ka bari, don wa za ka bari?"

Yaya ya ɗago kai ya ce, "Kowa ya yi magana, Inna ba ta ce komi ba. In tac ce in bari da bakinta, wallahi na bari."

Malamin ya dube ni ya ce saura aikina. Na yi murna, don na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na manta Yaya ɗan fari ne. Inna Bafillatana ce ta wajen Zurmi, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, kaka ce ta goye shi. In ya shigo sai ta juya ta kama wani aiki. Amma ita ke ware masa man shanu, ta ba ni ta ce in kai wa "wancan."

Na same ta tana dama fura, na faɗa mata komai.

"Ke ki hwaɗa mai in ji ni," ta ce.

"Inna, bakinki shika so."

"Ke, ba ki da kunya? Mi mutane za su ce?"

"Mi za su ce in anka kore shi?"

Ta ci gaba da damu. Na roƙa, na yi kuka, na yi fushi na ƙaurace wa tuwonta. Na ce ko ta bayan asabarin ƙofa ne ta yi, ba sai ta gan shi ba. Na koma wurin Yaya na ce Inna ta ce ya bari. Ya yi dariyar da ba ta da daɗi, ya ce saƙo ai tun yana yaro yake karɓa. Duk da haka kwanakin da suka rage bai je Kaura ba. Yana zaune a tsakar gida yana goge takalmi, kusa da ɗakinta, yana jira. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da su duka biyun.

Ranar komawarsa ya durƙusa a ƙofarta da jakarsa, ya ce zai tafi. Ina tsaye ina jin numfashinta ta bayan asabari. Can ta kira ni.

"Ki ce ma wancan Allah shi kiyaye hanya."

Ya ɗan ƙara jira, sannan ya ɗauki jaka.

Kafin kaka labari ya iso cewa an sallame shi, kuma bai yarda ya dawo gida ba. Na shiga ɗaki na tarar da Inna ta juya fuska bango, don ko kukan ɗan fari ba a yi a gaban mutane. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ke, ba ki hwaɗa mai na ce shi bari ba?"

"Na hwaɗa mai, Inna," na ce. "Ni na hwaɗa mai."