Hasken Yayana

Shekarun baya, yayana ne ke kula da fitilun wasan kwaikwayon Ista a cocinmu a Sabon Gari. A Samaru ya koyi aikin, wurin ɗaliban wasan kwaikwayo, har ya lallaɓo wata tsohuwar na'urar sarrafa fitilu da suka daina amfani da ita. Ni nawa ɗaukar wayoyin lantarki ne da shan faɗa.

Na'urar tana da ma'ajiya mai lambobi. Za ka daidaita fitilu, wannan ja, waccan ta dushe a hankali, sai ka adana a lamba ɗaya. Ranar wasa maɓalli kawai za ka danna, hasken ya dawo yadda ka bar shi. Amma idan ka adana sabo a kan lambar da ke da abu, na da ya tafi ke nan, ba ta tambayarka ko ka tabbata. Ga ta tsohuwa, ba inda za ka kwafe aikin ka ajiye.

Yayana ya yi makonni yana gyara hasken gicciye da na buɗewar kabari. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. Da ya rasu, aikinsa ya zauna a cikin na'urar. Duk Ista ni nake dannawa, mahaifiyata kuma ta taso daga Palladan ta zauna a gaba. Ba wasan take kallo ba, kowa ya sani.

Wata shekara dattijon da ke riƙe da makullin sito ya ce zai ara wa surukinsa na'urar, za su yi biki a Basawa. Na same shi na ce, "Baba, don Allah a bar wannan. Idan suka adana nasu, na yayana ya goge."

Ya yi dariya. "Haba ɗana, ƙarfe ne fa. Kayan coci na kowa ne. Mu hana, a ce mun yi rowa?"

Na'urar ta dawo ana saura kwanaki Ista. Na danna lambar gicciye, sai fitilu suka hau walƙiya, kore da ruwan hoda, irin na filin rawa. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba su bari ba. Da na gaya wa dattijon, cewa ya yi, "To sai ka sake yi mana, ba kai ma ka iya ba?"

Na sake, da abin da idona ya riƙe. Jan da na sa ya yi yawa, kabarin ya buɗe da sauri kamar an kunna fitilar kicin. Jama'a dai suka tafa.

Bayan an tashi, mahaifiyata ta nufi dattijon, ta ɗan rusuna. "Baba, Allah ya saka da alheri da kuka riƙe mini aikin yarona."

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ba komai Mama, ai hakkinmu ne."

Ina tsaye a wurin, waya naɗe a kafaɗata. Na juya na nufi sito, don in na faɗi gaskiya ita zan ƙona, ba shi ba.

An ce in yafe, kuma ina gaishe shi har gobe. Amma ɗacin bai tafi ba, gaskiya. Mahaifiyata ta ci gaba da zuwa duk Ista har ƙarfinta ya ƙare, tana zama a gaba tana share hawaye. Hasken da take yi wa kuka nawa ne.