Kwamfutar Alhaji Mai Hoto

Ku da kuka shigo aikin gyaran kwamfuta kwanan nan, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba: ranar da Alhaji Mai Hoto ya kira ni daga Gwandu, ina shagona a Kalgo, yana faɗa kamar na yanka masa akuya.

A lokacin ni ke kula da kwamfutocinsa biyu. Sabuwar na sa mata babbar manhajar nan ta kyauta, wadda 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su gyara, ni ma nakan tsoma baki a zaurensu na intanet. Tsohuwar kuwa tana ƙuryar shago, an lulluɓe ta da zane, cike da hotunan mutanen Gwandu da ƙauyukanta tun farkon buɗe shagon. Alhaji ya taɓa shan wahalar bairos, cutar nan ta kwamfuta, daga memori ɗin wani, sai ya ɗauko gam ya toshe duk ramukan da ake soka filas. Hanya ɗaya ta rage: waya ce tsakanin kwamfutocin biyu, da wata tsohuwar manhajar musayar fayil da suke magana da ita.

Wannan tsohuwar manhaja ce ake ta gardama a kanta a zauren. Masu cewa a cire ta suna da gaskiyarsu, domin ɓarayin intanet na shiga ta nan cikin sauƙi. Aka kashe ta a sabuwar fitowar babbar manhajar, ana shirin cire ta ɗungum. Ni kuma na sabunta wa Alhaji kwamfuta na koma gida hankali kwance.

Da na iso Gwandu na tarar da wani dattijo makiyayi daga wajen Maruda zaune kan benci, sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

"Injiniya, mi kay yi ma na'urar ga?" in ji Alhaji. "Ta bar ganin 'yar'uwatta. Ga Baffa nan tun hantsi shina jira."

Na durƙusa na gaida Baffa. Ya ce matarsa ta rasu bayan Sallah. Hotonta ɗaya ne a duniya, wanda Alhaji ya ɗauka lokacin da za ta Makka, na gida kuma ruwa ya cinye shi.

"Jikokinta ka tambayata kamanninta," ya ce. "Ni kau bakina bai iya ba."

Na ce a buɗe tsohuwar kwamfutar a ciro faifan ajiyarta. Alhaji ya rantse ba mai sa mata sukundireba yana raye. Ban ja da shi ba, don faifan ma ya tsufa, ana jin ƙararsa daga bakin ƙofa. Sai na cire intanet daga shagon gaba ɗaya, na shiga saitin sabuwar, na tarar ba su goge tsohuwar manhajar ba tukuna, kashe ta kawai suka yi. Na kunna ta. Can sai fayilolin suka bayyana.

Alhaji ba ya sa wa hoto suna, gari da shekara yake sawa. Muka shiga hotunan Maruda, muna wuce fuskoki, Alhaji yana cewa wannan ya rasu, wannan yana Legas. Can Baffa ya miƙe.

"Tsaya. Ita ta." Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya. "Ranar ga ta yi ta faɗa wai ba a bari ta gyara lulluɓi ba."

Na kwana biyu ina kwashe hotunan zuwa sabon faifai. Daga nan na rubuta wa zauren labarin, na roƙi a bar manhajar a kashe, amma mai buƙata ya iya kunnawa. Wasu suka ce ba su da hannun da zai ci gaba da kula da ita, kuma ban ga laifinsu ba, aikin sa-kai ne.

Yanzu Alhaji ya rufe shago, kowa da wayarsa yake hoto, kuma ina kewar zaman bencin nan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ku danna sabuntawa a kwamfutar mutum, ku leƙa ƙurya ku ɗaga zane. Ku tambaye shi me ke ciki, da kuma wa zai iya zuwa nema.