Gadon da saƙo ya riga ni kwanciya

Ina tsugune cikin van ɗina a unguwarmu Moss Side ina ɗaure katakon gado, sai maƙwabciyata Anti Ladi ta leƙo.

Tunda council, hukumar garinmu, ta rage mana aiki hutun otal ya gagara, shi ne na mai da motar ɗaki, har da labule.

"Ina za ka da ɗakin nan?"

"Bakin teku, Anti. Kwana biyu."

"To bi ta Birmingham mana. Ɗan saƙo ne kawai."

Buhun shinkafa da jarkar manja ne suka haye gadon har unguwar Sparkbrook a Birmingham. A can ma ƙanwarta ta loda min na dawowa.

Na ga teku kam, amma a kujerar direba na kwana.

Jama'a, wa ya taɓa ƙin saƙon Anti ya zauna lafiya a unguwa?