Saƙon Hawaja Tomas da Na Riƙe Shekara Goma Sha Uku

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar Hawaja Tomas, Baturen da na yi wa girki shekara tara a Zamalek, a nan Alƙahira. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata Rabi ce zaune a gabana da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Akwai saƙon da mutumin nan ya ba ni ranar da zai cika, ya ce in isar wa mutanensa, ni kuwa na riƙe. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, ba na so in shiga kabari da amanar wani a cikina. Amma kafin a ji saƙo, ya kamata a san mai aike.

Hawaja shi ne sunan da Misirawa ke kiran Bature da shi. Wannan kuwa ba ƙaramin Hawaja ba ne a wurin mutanensa. Tun yana saurayi ya bar ƙasarsu ya tafi Jafan, ya zauna wurin waɗansu masu gudun duniya da ke bin wata hanya da ake kira Zen. Yadda na fahimta, hanya ce ta zama shiru: mutum ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe baya, ya bar tunani ya zo ya wuce kamar motoci a kan gada, kada ya tare ko ɗaya. Da ya koma gida sai ya shiga bayyana wa Turawa abin da harshensu. Ya rubuta littattafai cike da kanta, ya yi magana a rediyo, ya cika manyan zaurukan taro. Da tsufa ya zo masa, sanyin ƙasarsu ya gagari ƙirjinsa, sai ya tare a Masar don neman rana.

Ni kuwa aure ne ya kawo ni. Maigidana direba ne a ofishin jakadancinmu, Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu a unguwar Ard al-Liwa. Wata Bahaushiyar Sudan ce ta samo mini aikin. Larabcina na kasuwa, nasa na littafi, haka muke lallaɓawa muna fahimtar juna.

Ranar da na fara aiki, na shiga da hantsi na yi sallama, shiru. Na leƙa falo, sai ga dattijo zaune a kan wani baƙin matashi, ƙafa a harɗe, fuska a bango. Bangon nan babu hoto, babu taga. Na sake gaisuwa, ko gezau. A garinmu namiji ba ya zama irin wannan sai an yi masa rasuwa. Na tuɓe takalmi, na ja mayafi, na zauna daga bakin ƙofa, na ce Allah ya ba da haƙuri. Muka yi ta zama har ya kaɗa wata 'yar ƙararrawa ya miƙe. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Ban tambayi wanda ya rasu ba, don ba a tsananta wa mai sabon rashi da tambaya.

Washegari haka. Rana ta uku na ce a raina, wannan bawan Allah ba shi da kowa a garin nan, wa zai yi masa sadakar uku? Na jiƙa shinkafa a gida, na soya masa cike da kwano, na raba wa mai gadin gidan da direbobin maƙwabta. Ba a jima ba sai ga mai gadi ya hau sama sanye da jallabiyarsa ta Juma'a, ya kama hannun Hawaja da hannu biyu yana yi masa ta'aziyya. Hawaja ya yi tsaye baki buɗe.

"Wa ya mutu?" in ji shi.

"Kai za a tambaya," na ce. "Kwana uku muna zaman makoki."

Da ya gane, sai da ya dafa bango don dariya. Ban taɓa jin tsoho mai dariya irin tasa ba, daga can cikin ciki take tasowa. Ni kunya ta rufe ni, na ce shi ke nan, aiki ya ƙare. Amma da ya share hawaye sai ya jawo kujera ya ce in gaya masa, a duk zaman nan da na yi, me nake tunani? Na ce ba komai. Zaman makoki ai ba don tunani ake yin sa ba, zama kawai ake yi don kada mutum ya zauna shi kaɗai. Sannan ya ce shekara bakwai ya yi a Jafan, ana tashinsa tun kafin zakara, ana zuba masa sanda a kafaɗa in ya yi gyangyaɗi, duk don ya koyi zama ba tare da neman komai ba. Na ce, "Lalle Hawaja an cuce ka. Da ka zo garinmu, mako ɗaya ya ishe ka, kuma da abinci." Ya ci guda biyar daga ragowar masar a tsaye.

Tun daga ranar muka san matsayin juna. Shi da hanyarsa, ni da sallata. Akwai wani gunki a falonsa, na ce hannuna ba zai taɓa shi ba, ya ce tamam, babu laifi, shi da kansa yake goge masa ƙura. In lokacin salla ya yi, ko da baƙi sun cika gida, sai ya ɗaga hannu a yi shiru har in sallame. Ɗaliban ƙasarmu masu karatun addini a nan sun sha yi mini magana a kan aikin gidan, na ce da su abinci nake dafawa, ba aƙida ba, kuma ban taɓa jin ya kira ni zuwa wani abu ba.

Baƙi kuwa ba sa yankewa. Daga ƙasa-ƙasa suke zuwa, su zauna a ƙasa suna kallon bakinsa kamar 'yan tsaki. Ni ba na jin Turanci, amma ina ganin fuska, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. Mutum zai shigo goshi a murtuke, kafin ya sha shayi biyu ka ga kafaɗarsa ta sauka. Na ga wani ƙaton mutum mai kamfanoni ya fashe da kuka kamar yaro, don kawai Hawaja ya miƙa masa lemo ya ce ya ɓare a hankali. Har yau abin yana ba ni tsoro, yadda Allah ke sanya irin wannan baiwa a harshen ɗan Adam. In sun watse sai ya shigo kicin ya tsaya yana kallon yadda nake tsince shinkafa. Wata rana ya ce da ni, "Hajiya, ni yaron mota ne. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kiran sunan gari, mutane suna shiga, amma ni ban taɓa sauka a garin ba." Ban taɓa jin wani malami, namu ko nasu, ya faɗi haka game da kansa ba.

Yau ga muryarsa a cikin waya. Rabi ta kunna mini, an sa masa kiɗa mai sanyi a ƙarƙashi, ana nuna duwatsu da gajimare. Ta ce matasa a duniya suna toshe kunne da ita a cikin jirgin ƙasa, suna gudu zuwa aiki, suna sauraren mutumin da ke cewa a daina gudu. Har wata ɗalibar likitanci 'yar Kano da ke maƙwabtaka da mu a Hadayek el-Maadi, inda nake zaune yanzu wurin 'yata, ta ce da muryarsa take kwantar da hankali lokacin jarrabawa. Nakan tambayi kaina, da zai dawo ya gani, me zai ce? Ina jin dariya zai yi har ya dafa bango. Daga nan kuma zai tambaya, bayan an gama ji, akwai wanda ya kashe wayar ya zauna? Abu ɗaya ne na tabbata ba zai yi wa dariya ba, shi ne labarin da ake bayarwa na yadda ya cika. Ana cewa ya mutu a zaune, baya a miƙe, fuska tana kallon kogin Nilu, yana murmushi. Wannan labari daga bakina ya fito.

Ga yadda aka yi. Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi, ya ƙi asibiti. Ranar, likita ya zo da safe ya tafi, ya rage daga ni sai shi. Bayan azahar na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Na tarar da shi jiƙe da gumi, numfashi yana sarƙewa. Na tayar da shi na jera masa matasai a baya. Ya damƙe wuyan hannuna, damƙar da sai da shatinta ya kwana uku.

"Hajiya," ya ce, "tsoro nake ji."

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Hawaja, mutuwa rigar kowa ce."

"Na sani, ai ni na yi shekara hamsin ina faɗa. Na ce musu ɗigon ruwa ne zai koma kogi. To ga ɗigon, ba ya son komawa."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Abin da ya girgiza ni shi ne yadda yake kallon tsoron nan, yana ba ni labarinsa kamar baƙon da ya shigo ɗaki: ga shi a ciki, ga shi ya hau maƙogwaro, ga hannu ya yi sanyi. Bai ɓoye ba, bai kuma yi fushi da kansa ba. Can ya ce, "Za su zo su tambaye ki. Ki ce musu na ji tsoro. Kada ki yi mini ado." Na ce to. Daga nan ya koma harshensu, kalma ɗaya na gane, uwarsa yake kira. Ni kuma ina ta ambaton Allah a fili, don shi kaɗai na iya. Kafin la'asar hannunsa ya saki.

Bayan kwana biyu babbar almajirarsa ta sauka daga jirgi, wata doguwar Baturiya, Madam Kilara. Ta riƙe ni tana kuka, ta ce da guntun Larabcinta, yaya ya tafi? Ku da kuka san tarbiyyarmu kun san abin da ake cewa. Ba a tona wa mamaci asiri, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta yaya zan ce da mace, a gaban mutane, malaminki ya mutu yana rawar jiki yana kiran uwarsa? Bakina ya riga ni, na ce lafiya lau ya cika, cikin natsuwa. Ta ce a zaune? Na tuna matasan da na jera masa a baya, na ce a zaune. Magana zarar bunu. Murmushin da Nilun a hanya aka ƙara su. Ni kuwa na dawo gida ina ganin na kyauta, na lulluɓe shi kamar yadda zan so a lulluɓe ni.

Bara, wajen ƙarshen zafi, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Madam Kilara ce, ta hau bene hawa biyar tana hutawa a kowane hawa. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, ta ɗaure kai da ɗankwali don gashi ya zube, ciwon daji ya ci ƙarfinta. Ta ce ta zo sallama da wuraren da malaminta ya zauna. Aka kawo abinci ta ce ba ta iya ci. Da ɗaki ya rage mu biyu, sai ta sunkuyar da kai ta ce abin da ke cin ta ya fi ciwon. Shekara arba'in tana zama, tana koya wa wasu, ga shi mutuwa ta matso kuma tsoro ya hana ta sakat. Ta ce ta ci amanar malaminta, shi da ya tafi yana murmushi.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. A lokacin na gane wa aka aike ni wurinsa. Mutumin nan, yana kan gargara, ya hango wannan mata da irinta, ya san rana za ta zo musu, ya ajiye musu guzuri a hannuna, ni kuwa na kulle shi a akwati da sunan rufin asiri. Na kama hannunta na gaya mata komai, gumin, damƙar, kiran uwar. Ta dube ni ta ce, "Ya ji tsoro?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Kuma ya ce a faɗa?" Na ce da bakinsa. Ta yi kuka mai tsawo, irin wanda ke wanke ƙirji. Da ta natsu sai ta ce, "Hajiya, abincin nan yana nan?" Ta ci tuwo malmala ɗaya da rabi da miyar kuɓewa. Ta yafe mini kafin in roƙa. Wata huɗu bayan haka labarin rasuwarta ya iso mu.

Littattafansa suna nan, ban san abin da ke ciki ba. Makomarsa tana hannun Ubangijin da ya halicce shi, ban isa in sa baki ba. Abin da na shaida da idona shi ne wannan: mutum ya yi shekara hamsin yana gina suna, a sa'arsa ta ƙarshe ya yarda a rage masa tsawo don kada na bayansa su ji kunyar zama 'yan Adam. Na ga masu kyautar kuɗi, na ga masu kyautar gida, irin wannan kyauta sau ɗaya na gan ta.

Saboda haka duk wanda ke sauraren muryar nan, Bature ne ko Balarabe ko ɗanmu, in wannan takarda ta kai gare shi, ya fassara wa na kusa da shi. Hawaja Tomas bai mutu yana murmushi ba. Ya ji tsoro, ya kira uwarsa, kuma shi ya ce a gaya muku. Na makara, Allah ya yafe mini, amma na isar.